Katakona da Baƙon Shekara Ɗari

Surukina Tak Man-bok bai taɓa shigowa gidana hannu rabbana ba, kullum yana tafe da sabuwar dabara. Ya yi kiwon jimina, ta shure shi. Ya buɗe shagon soyayyar kaza a Seoul, shi ya cinye rabin kajin. Wannan karon ya iso da 'yata Un-sil a farkon sanyi, daidai lokacin da komak ke yin ƙiba a cikin taɓon bakin teku, wato 'yar katantanwar nan da muke tonowa muna ci da ita.

Mu nan suruki baƙo ne na shekara ɗari. Ko furfura ya yi a gidanki ba ki ɗaga masa murya, ba ki rushe abin da ya gina, in ya zo kuma sai kin yanka masa kaza, kazar ma mai ƙwai. Na yanka. Zakarana yana tsaye a kan katanga yana kallo, ya ga wanda ya cinye matarsa.

Tak ya tsotse ƙashin cinya, ya ɗaga waya.

"Inna, kin san an fitar da labarin wurare masu haɗari a ƙasar nan? Ga dutsen da mutane ke faɗowa, ga iyakarmu da Koriya ta Arewa inda aka binne nakiyoyi, ga tsibirin da ruwa ke kifar da jirgi. Jama'a na tururuwa su je su gani. Amma ko da wasa ba a ambaci ƙauyen nan ba."

"To sai mu gode," na ce.

"Godiya? Cin mutunci ne, Inna! Me muka rasa? Ni zan sa ƙauyen Solti a bakin duniya. Zan kawo 'yan birni a bas, in zaga da su wuraren mutuwa, su koma gida ƙafa na rawa."

"Tak-sobang," na ce, don haka muke kiran mijin 'ya, "a ƙauyen nan tsufa ne kawai ke kashe mutane, shi ma sai ya sha wuya."

Ya yi dariya har da buga tebur. Un-sil ta biyo ni kicin ta riƙe min hannu. "Inna, don Allah ki bar shi. Tun da shagon nan ya rufe bai yi dariya ba sai yau."

Na bar shi. Washegari da ruwan teku ya janye na je bayan ɗaki ɗaukar katakona, na tarar da bango kawai.

Duk macen da ke cin abinci daga taɓo tana da katakonta. Ya fi mutum tsawo, faɗinsa bai wuce tafi biyu ba, hancinsa a ɗage. Gwiwa ɗaya a kansa, ƙafa ɗaya tana tura laka, sai ki sulale kamar kifi. Ba shi, ba shiga, don taɓonmu ba ya ɗaukar mai tsayuwa. Nawa uwar mijina ta ba ni tun ina amarya, kuma gwiwata ta ci rami a jikinsa daidai ita. Da shi na binne miji ban roƙi kowa ba. Da shi na kai Un-sil makaranta har ta yi ilmin da ya sa ta zaɓo wannan.

A bakin teku na same shi. An kafa sanduna biyu, an gicciya katakona a kai da ƙusa, an yi masa rubutu da jan fenti, har da wata kibiya mai nuna taɓo. Tak yana ƙarƙashinsa da guduma, mai unguwa Bong yana riƙe masa tsani. Ƙawayena biyu suna zaune a kan bango, 'Yar Naju da 'Yar Gurye. Mu matan aure da sunan garin da aka ɗauko mu ake kiranmu, ni ce 'Yar Jindo.

"'Yar Jindo," in ji 'Yar Naju, "barka da arziki. Katakonki ya riga ki shiga makaranta."

"Har ya sami aikin gwamnati," in ji 'Yar Gurye. "Tsayuwa kawai, ba shiga laka."

Ban kalle su ba. Na tattara muryar da ake yi wa baƙo magana da ita.

"Tak-sobang, sannu da aiki. Wannan katakon, a ina ka samo shi?"

"A bayan ɗaki, Inna, a yashe. Tsohon itace ne, duk ya lotsa. Kada ki damu, na sayo miki sabo." Ya jawo wani abu na roba, shuɗi da ruwan ɗorawa, irin wanda yaran birni ke kwanciya a kai a bakin ruwa, da hoton kifi yana murmushi.

'Yar Naju ta kusa faɗowa daga bango.

"In an gama zagayen farko ran Asabar," in ji Tak, "zan sa zarto in raba wancan biyu. Allo ɗaya ya yi kaɗan, ana bukatar wani a bakin hanya."

Zarto. Na ji abin har cikin gwiwata. Guduma tana nan, hannuna kuma bai mutu ba. Amma ga mai unguwa, ga mata, ga Un-sil can baya tana murza bakin riga. In na cire allon da hannuna, har in mutu za a ce 'Yar Jindo ta kunyata surukinta a bainar jama'a, 'yata ce kuma za ta koma Seoul ta kwana da abin. Hanya ɗaya ce ta rage: sai dai shi, da bakinsa, ya ce a sauke.

Na gwada. Da dare ya yi na dafa masa kifi na ce katakon na da tarihi, ya ce tarihi ai shi baƙi ke so. Na ce rana za ta tsaga shi, ya ce ai dama tsaga shi za a yi. Na ce uwar mijina ta zo min a mafarki ranta a ɓace, ya zabura ya ce, "Fatalwa? A wane ɗaki? Inna, kin ga abin da nake nema ke nan!"

Ran Asabar mai unguwa ya hau lasifikar ƙauye tun da safe. "A, a, ana ji? Mai unguwa ne ke magana. Yau muna da baƙi. An roƙi kowa ya yi fuskar tsoro. Kada a yi shanya a hanya. 'Yar Gurye, ke nake nufi."

Tak ya fito cikin farin kwat da ya yi aure da shi, maɓallin ciki ya ƙi haɗuwa. Ya sa takalmin roba mai kaiwa cinya, ya rataya igiya a kafaɗa, ya riƙe ƙaramar lasifika a hannu. Samari da 'yan mata masu son ihu yake jira. Da bas ta buɗe ƙofa sai tsofaffi suka yi ta saukowa, maza da mata, cikin riguna ja da kore da shunayya, kowa da sandunan ƙarfe biyu. Ƙungiyar masu hawan dutse ce ta waɗanda suka yi ritaya. Shugabansu wani siririn dattijo ne mai suna Yuk, ya dubi ƙauyen sama da ƙasa.

"Ina dutsen?"

"Babu dutse, Baba," in ji Tak ta lasifika, ko da yake mutumin yana gabansa. "Abin da muke da shi ya fi dutse. Ku biyo ni, kowa ya riƙe ransa da kyau!"

Ya fara kai su kangon marigayi Ma, gidan da ba kowa tun da 'ya'yan suka tafi birni. Ya sassauta murya ya ce wata tsohuwa mai jini a hannu tana yawo a ciki, duk wanda ya haɗa ido da ita ba ya ƙara shekara. Ya tura ƙofa a hankali. Ga tsohuwa kuwa a tsugune, hannu jajur. Tak ya yi wata ƙara da ban san namiji na da ita ba, ya ja da baya ya zauna a cikin tulun daddawar waken suya da aka bari a tsakar gida.

'Yar Naju ce, tana juya barkonon da take shanyawa a can.

"An ce kada a yi shanya a hanya," ta ce. "Nan hanya ce?"

Matan birni suka kewaye ta. "Yaya, na rana ne ko na inji?" "Na rana mana, shinshina ki ji." Kafin Tak ya zaro kansa daga tulu, ta sayar da buhu biyu.

"Wannan gwaji ne!" in ji shi, yana kare bayan wandonsa da hula. "Yanzu sai dabbar da ta hana ɗan wasiƙa shigowa ƙauyen nan!"

Karen mai unguwa yake nufi. Ya ɗaure shi da sarƙa mai kauri a ƙofar gidana tun da safe. Karen nan ya tsufa tukuf, haƙori ɗaya ya rage masa, kuma da ya ga jama'a sai ya kwanta ya ba da ciki. Tsofaffi suka durƙusa suna sosa shi suna ba shi biskit. Tak ya tsuguna yana raɗa masa, "Yi haushi mana, ɗan banza, ko sau ɗaya."

A nan zakarana ya gane shi.

Daga kan katanga ya taso, bai taɓa ƙasa ba sai a ƙeyar surukina. Tak ya zaga rijiya, zakara ya zaga. Ya shiga gonar kabeji, zakara ya shiga. Lasifika tana rataye a wuyansa a kunne, don haka duk ƙauyen ya ji shi yana cewa, "Yi haƙuri! Ba ni na yanka ta ba, ci kawai na yi!"

"Wannan kam ya yi kyau," in ji wata mai jar riga. "Kullum kuke yi, ko ran Asabar kawai?"

Dattijo Yuk bai yi dariya ba. Ya jira Tak ya dawo da gashin kaza a kafaɗa, ya ce, "Ɗana, na hau duwatsun ƙasar nan kaf. Banɗakin gidana ya fi ƙauyenku haɗari, can na karya ƙugu bara. In babu wani abu, a nuna mana inda ake cin komak mu tafi."

Kunnuwan Tak suka yi ja. "Babu wani abu? Baba, ba ka ga allo ba? Ku zo ku ga taɓon da ya haɗiye saniya da keken da take ja!"

Ba a taɓa yin saniya a ƙauyenmu ba. Amma taɓon, shi kam gaskiya ne, shi ne abu ɗaya na gaskiya da ya faɗa ranar, kuma shi ne wanda bai yarda da shi ba.

Muka taru a bakin teku ƙarƙashin katakona. Ruwa ya yi nisa, matan da ke da sauran ƙarfi duk sun sulale can ciki, ba a ganinsu sai kamar ƙudaje. Dabararsa ita ce ya ɗan taka gefe, ya yi kamar yana nutsewa, ya yi kururuwa, sannan ya jawo kansa da igiya a tafa masa. Ya ɗaura igiyar a ƙugu, ɗaya bakin ya ɗaura a wani turke da ya gani a bakin laka.

"Tak-sobang," na ce, "ruwa ya kusa juyowa."

"Inna, ki zauna ki huta. Aikin maza ne."

Gefen da tauri, don haka bai nutse ba. Ya ƙara gaba, bai nutse ba. Wani ya yi hamma. Tak ya ji hammar nan har ransa, ya ruga a guje can ciki inda lakar ke sheƙi, ya yi tsalle ya dira da ƙafa biyu.

Taɓo ya ce bismilla. Ya karɓe shi har gwiwa.

"Wayyo! Ina nutsewa!" Aka tafa.

Ya ja ƙafar dama, ta hagu ta ƙara shiga. Ya ja ta hagu, laka ta kai cinya. "A'a, da gaske nake! Ina nutsewa!" Aka ƙara tafi, har da fito.

"Yaron ya iya wasa," in ji Yuk. "Dubi idonsa."

Tak ya kama igiya ya ja da ƙarfi. Turken ya tsiro daga laka ya biyo igiyar tsaf-tsaf har gabansa, kamar kare ya ga mai shi.

"Turken ragata ke nan," in ji 'Yar Gurye. "Da hannu ɗaya na soka shi jiya. In ka gama ka mayar min."

Un-sil ta fara kuka. 'Yar Naju ta haɗa hannu a baki. "Kai, mijin Un-sil! Kwanta da baya ka baje kamar ƙaguwa, sai ƙafar ta fito!"

"In kwanta? Da farin kwat? A gaban surukata? Ɗan gidan Tak bai taɓa kwanciya a gaban surukarsa ba!"

"To tsaya. Ɗan gidan Tak zai sha ruwa a tsaye."

Wani ya tuna da shuɗin abin roba, aka wurga masa. Ya ɗora hannu biyu ya danna da dukan nauyinsa. Abin ya sulluɓe daga ƙarƙashinsa ya tafi abinsa, kifin jikinsa yana murmushi, shi kuma Tak ya dasa fuska a laka. Da ya ɗago ba a ganin komai sai ido biyu da lasifika. Yanzu taɓo ya kai ƙugu. Can baya kuma ruwa ya fara shigowa ta 'yan kwaruruka, shiru-shiru, yadda ya saba. Tafi ya tsaya.

"Bari in kira masu ceto," in ji mai unguwa. "Za su zo da jirgin sama, har da 'yan talabijin."

"Kada ka kira!" in ji Tak. "Masu gidan hayarmu suna kallon labarai!"

"To a kawo katako," in ji mai unguwa. "'Yar Naju, ina naki?"

Ta dube ni ta gefen ido. "Yana gida, gidan kuma da nisa, ga gwiwa."

"'Yar Gurye?"

"Nawa ba ya ɗaukar maza. Sau ɗaya ya ɗauki mijina, ka ga inda yake yanzu."

Kowa ya ɗaga kai ya dubi allon. Sannan kowa ya dube ni. Ni kuwa na naɗe hannu a baya ina kallon ruwa. Na san taɓon nan kamar tafin hannuna, na san akwai sauran lokacin da za a dafa shinkafa, ba wanda za a ci ta ba.

"Inna!" in ji Un-sil. "Ki cire mana!"

"Ni? In rushe aikin baƙo? Ba a yi min irin wannan tarbiyya ba."

Tak ya kai lasifika baki. Ta yi wani gurnani, ta tofar da laka. "Inna... a sauke allon."

"'Yar Naju, me ya ce? Kunnen nan nawa."

"Wai a sauke wani abu."

"A sauke katakon!"

"Wane katako, Tak-sobang? Tsohon itacen nan da za a sa wa zarto?"

Ruwa ya taɓa masa gwiwar hannu. Ya yi tsalle, iyakar tsallen da mai rabi a ƙasa zai iya.

"Katakonki, Inna! Naki ne, na uwar mijinki ne, ba zarto, ba ƙusa, ba fenti har abada! Ni Tak Man-bok na ce a sauke! Kowa shaida ne!"

"To, tun da baƙo ya ce."

Ban jira tsani ba. Yuk da wani suka ɗaga ni, na zare ƙusoshin da bayan guduma. Na ɗora bahon da nake zuba komak a hancin katakon, na sa gwiwa a raminta. Ta zauna daram kamar ba a taɓa raba su ba. Tura kaɗan na isa gare shi.

"Kwanta da baya."

"Inna, kwat ɗin..."

"Kwat ya riga ya mutu. Kwanta."

Ya kwanta. Na kama wuyan rigarsa na murɗa na ja, yadda ake zaro abin da ya maƙale a rami. Taɓo ya yi wani tsaki ya sake shi, amma ya riƙe kuɗin shiga: takalman biyu da wando. Na cusa shi cikin baho, gwiwoyinsa a kunne, na juya hanci zuwa gaɓa, ruwa yana lasar ƙafata.

Muna isowa na ga kowa ya ɗaga waya, suna dariya har wasu na jingina da sanda. Ba Tak suke nunawa ba, katakon suke nunawa, tsakanin gwiwata da bahon.

"Malam," na ce wa Yuk, "ni ban yi makaranta ba. Me aka rubuta a nan?"

Ya goge hawaye, ya sunkuya, ya karanta da ƙarfi yadda na baya za su ji. "Hattara! Ga abu mafi haɗari a ƙasar Koriya."

Kibiyar kuma ta miƙe sak zuwa cikin baho.

Baƙi suka ci komak a gidan 'Yar Gurye, suka ce ba su taɓa yin yawo mai daɗin wannan ba. Yuk ya tambayi ko za a maimaita wata Asabar ya kawo ƙaninsa. Tak kuwa yana ɗaki cikin wandona mai furanni, Un-sil na cire masa laka daga kunne da tsinke. Da safe ya ce aiki na jiransa a Seoul. Na raka shi har mota da buhun komak, na ce ya gaida gida. Baƙo ne.

Ramukan ƙusa na toshe su da ƙaro. Fentin kuwa na bar shi, laka ta ci ta ci ta gaji, ja ne mai kyau, wannan kam ya iya saye.

Har yanzu yana zuwa duk lokacin bikin kaka, har yanzu ina yanka masa kaza mai ƙwai, ina kulle zakara a keji. Sai dai duk ranar da zai zo nakan wanke katakona tas, in jingina shi a tsakar gida ya sha iska, hancinsa na kallon ƙofar ɗakin baƙi.

Bara Un-sil ta ja ni gefe. "Inna, haba. Kibiyar nan fa ɗakinsa take nunawa. Kin san abin da aka rubuta."

Na ce, "Ni? Ina zan sani, 'yar nan? Ai ke aka kai makaranta."